Koyar da Tarihin Fasaha ga Sababbin Ɗaliban Kwaleji: Waiwaye Daga Ƙasar Gusau

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin darasin nan na share fage da ake kira tarihin fasaha, wanda akan koyar wa ɗaliban shekarar farko a sassan zane na kwalejojin horon malamai da jami'o'inmu. Za mu duba inda darasin ya samo asali, da hanyar da ya biyo har ya iso ƙasar Hausa, sa'an nan mu auna abin da ya ɗauko da abin da ya bari a baya. Mun zaɓi mu yi wannan awo ne daga ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara, domin a nan aka yi wata babbar asara ta kayan tarihi a shekarun 1990, wadda a ganinmu tana da alaƙa da irin abin da muke koyarwa a cikin aji.

Abin da muke son tabbatarwa guda ɗaya ne. Jerin da muka saba bi, watau a fara da Masar, a wuce Girka da Rum, a sauka Italiya, sa'an nan in zango bai ƙare ba a taɓo Afirka, jeri ne da wasu mutane suka tsara a wani zamani domin biyan bukatar ɗalibansu. Tun da mutane ne suka tsara shi, mu ma muna da ikon sake masa tsari domin namu ɗalibai. Mafi yawan waɗanda suke zaune a gabanmu malaman makarantun firamare da ƙananan sakandare ne na gobe, kuma abin da bai shiga kunnensu a wannan darasi ba, da wuya ya isa ga yaran ƙauyukan da za a tura su.

2.0 Kalmar Fasaha

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan kalma. Fasaha aro ce daga Larabci, inda asalin ma'anarta take nufin iya magana da tsabtar lafazi. Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta haɗa da hikimar hannu da ta tunani. A wannan takarda muna amfani da ita da nufin duk wani aikin hannu da aka yi shi da niyyar ya yi kyau a ido, ko yana da wani amfani na yau da kullum ko ba shi da shi.

Bahaushe bai tara waɗannan ayyuka a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Yana da gini, da ƙira, da saƙa, da rini, da dukanci, da sassaƙa, da ɗinki, da ginin tukwane, da zayyana, kowace da sarkinta ko shugabanta, da gidajen da suka gaje ta. Amma yana da ma'auni guda da ya game su duka, watau gwaninta. Da magini da maɗinki da mahaddacin Alƙur'ani mai rubuta shi da ka, duk ana iya kiransu gwani. Wannan ya nuna cewa tun kafin zuwan boko muna da hanyar bambance aikin da ya fita daban da aikin da aka yi don a wuce wurin.

Turawa kuwa, tun daga ƙarni na 18, sun raba aikin hannu gida biyu. Zanen hoto da sassaƙar mutum-mutumi da tsara gine-gine suka zama ƴan sarki, saura kuma aka bar su a matsayin sana'a. Duk malamin da ya karɓi wannan rabo ba tare da tambaya ba, ya riga ya kori babbar riga da allon zayyana daga ajinsa tun kafin ya buɗe baki.

3.0 Asalin Darasin a Turai

Masana sukan danganta farkon rubuta tarihin fasaha ga wani Ba'italiye, Giorgio Vasari, wanda a 1550 ya wallafa tarihin rayuwar masu zane da magina na ƙasarsa. Shi ya shimfiɗa ra'ayin cewa fasaha ta bunƙasa a zamanin Girka da Rum, ta faɗi, sa'an nan ta farfaɗo a Italiya. A 1764 wani Bajamushe, Johann Winckelmann, ya rubuta tarihin fasahar mutanen da, ya kasa ta zamani zamani bisa ga salo, ya kuma ɗora Girkawa a kan kowa. Daga nan fannin ya shiga jami'o'in Jamus a ƙarni na 19. A farkon ƙarni na 20 Heinrich Wölfflin ya shahara da haska hotuna biyu a jere da majigi domin ɗalibai su kwatanta su, kuma wannan dabara ta zama sunnar malaman fannin a ko'ina.

Darasin share fage da muka gada ya kafu ne a kan manyan littattafai uku: na Helen Gardner na 1926, da na Ernst Gombrich na 1950, da na H. W. Janson na 1962. Littattafai ne masu daɗin karatu, kuma ba mu raina amfaninsu ba. Sai dai ginshiƙin labarinsu Turai ce. Alal misali, Gombrich ya sanya kayan Afirka a babin farko ne, tare da zanen mazauna kogo, kamar dai abin da ya gabaci tarihi. Ko a can inda aka haifi wannan tsari an daɗe ana sukarsa, har ta kai a 2020 Jami'ar Yale ta Amurka ta daina gabatar da tsohon darasinta na share fage, ta maye gurbinsa da wasu darussa masu faɗin fage. In masu abu sun sake wa abinsu fasali, ba mu ga dalilin da mai aro zai rungume tsohon ba.

4.0 Yadda Darasin Ya Iso Gare Mu

Koyar da zane irin na boko a Nijeriya ya fara ne daga Ikko. Aina Onabolu, bayan ya yi karatu a Landan da Faris ya komo gida a 1922, ya yi ta fafutukar a sanya zane a manhajar makarantu, kuma saboda matsawarsa gwamnati ta ɗauko Kenneth Murray a 1927. Murray ya bambanta da Onabolu, domin shi yana kwaɗaitar da ɗalibansa su dubi sana'o'in garuruwansu. Shi ne kuma ya zama shugaban farko na ma'aikatar kula da kayan tarihi da aka kafa a 1943.

A Arewa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda dukawa da maƙera da masaƙa suke koyar da yara. Abin yabawa ne, amma hannu aka koyar, ba a koyar da tarihin abin da hannun yake yi ba. Yaro yakan iya ɗinka sirdi ko jaka, amma ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa daga ina zanen da yake sawa ya fito, ko yaushe ya sake kama.

Babban mataki shi ne maido da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun zuwa Zariya a 1955, wanda ya zama ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Galibin malaman farko Turawan Ingila ne, manhajar ma irin ta makarantun zane na Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Kiran da suka yi shi ne a haɗa dabarun da aka koyo daga Turai da gadon gida. Kowannensu ya koma ga gadon ƙabilarsa, kuma da yake kusan dukkansu ƴan Kudu ne, gadon ƙasar da makarantar take zaune a cikinta bai sami rabo mai yawa ba a wannan yunƙuri.

Wanda ya fara cike wannan giɓi shi ne David Heathcote, malamin tarihin fasaha a Zariya daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Ya yi bincike mai zurfi a kan aikin rigunan Hausa, kuma a 1976 ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan. Bayansa Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan yadda maginan Hausa suke auna kyawon gini, J. C. Moughtin kuma ya fitar da littafinsa a kan ginin Hausa a 1985. Ke nan tun shekarun 1980 akwai abin koyarwa a rubuce. Matsalar ita ce bai sauko daga ɗakunan karatu na jami'a zuwa ajin shekarar farko ba.

A ɗaya ɓangaren kuma yawan masu ɗaukar darasin sai ƙaruwa yake yi. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 wadda ta ba darasin al'adu da fasaha gurbi, sun haifar da bukatar dubban malamai. A 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa, wadda take fitar da mafi ƙarancin abin da za a koyar. Ƙasar Zamfara, wadda ta zama jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fannonin sana'a a Gusau, wadda ta mata ce zalla, da Kwalejin Ilmi ta Maru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, sa'an nan a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau. Tambayar da ta rage ita ce: me ƙasar da ta kewaye waɗannan makarantu take da shi da ya cancanci shiga darasin?

5.0 Abin da Ƙasar Gusau Ta Mallaka

5.1 Kwatarkwashi

Duk wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Ƙalilan ne daga cikin masu wucewa suka san cewa sunan wannan gari ya shiga littattafan masana kayan tarihi na duniya, kuma ta hanyar baƙin ciki ya shiga.

Domin a fahimci haka sai mu ɗan koma Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a can. A 1943 Bernard Fagg ya ga wani makamancinsa daga Jama'a, ya gane cewa aikin al'umma ɗaya ne, kuma shi ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara tare da takwarorinsu na Nijeriya a 2005 ya nuna cewa wannan al'umma ta soma ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ta kuma fara yin mutum-mutumin wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Watau maginin yumɓu na Nok ya riga maginan manyan ɗakunan Atina da ɗaruruwan shekaru.

A shekarun 1990 sai ga wasu mutum-mutumai masu kama da na Nok, amma da nasu salo, sun cika kasuwannin kayan tarihi na Turai, ana kiransu da sunan Sakkwato ko Katsina. Rahoton da Patrick Darling ya buga a 2000 ya ambaci Kwatarkwashi tare da Nok a matsayin wuraren da aka yi wa wasoso. Dillalai ne suka zo da kuɗi, talakawa suka ɗauki diga da shebur. A wannan shekara ta 2000 majalisar gidajen kayan tarihi ta duniya ta sanya waɗannan kaya a jerin abubuwan da ake gargaɗin kada a saya. Duk da haka a shekarar aka baje guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, a gidan Louvre na birnin Faris, kuma sai a 2002 Faransa ta yarda cewa mallakar Nijeriya ne, bisa sharaɗin a bar mata su aro na shekara 25.

Ya kamata mu fahimci girman asarar. Mutum-mutumin da ya fita ana iya maido shi wata rana. Abin da ba ya dawowa shi ne ramin da aka tono shi: zurfinsa, da gawayin da za a auna a san shekaru, da kasko ko dutsen niƙa da yake kwance kusa da shi. Da zarar an birkice ƙasar, shaidar ta tafi har abada. Shi ya sa abin da aka sani game da mutanen da suka yi kayan Kwatarkwashi bai kai ko kusa da abin da aka sani game da Nok ba.

Ba rashin doka ya jawo haka ba, domin akwai dokar kayan tarihi tun 1953, akwai kuma ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen kayan tarihi ta ƙasa. Talauci yana da nasa kaso. Amma mu tambayi kanmu: a cikin malaman makarantun da suke kewaye da dutsen nan a lokacin, nawa ne aka taɓa gaya wa a kwaleji cewa ƙasar da suke takawa tana ɗauke da tarihin da ya kai a kare shi? Wannan kason namu ne, mu masu tsara darasi.

5.2 'Yandoto da Fasahar Alƙalami

Kusa da Tsafe akwai 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilmi ta ƙasar Katsina, wadda malamai da almajirai suka riƙa nufa daga nesa kafin jihadi. Rundunar Muhammadu Bello ta ci garin wajen 1806, kuma daga wannan yanki Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Sarautun ƙasar har yau suna riƙe da wannan tarihi, domin ana cewa Sarkin Katsinan Gusau, ana kuma cewa 'Yandoton Tsafe.

Inda duk aka sami garin malamai, an sami sana'o'in da suke yi wa littafi hidima: masu feƙe alƙalami, da masu dafa tawada, da masu zayyana farkon sura da alamun hizbi da baƙi da ja da rawaya, da dukawa masu yin tadarishi da gafaka. Rubutunmu na allo, mai kaurin baƙi, reshe ne na rubutun Magrib, kamar yadda ƙira'ar Warshu da muke yi ta biyo wannan hanya. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani darasi ne cikakke a kan daidaito da launi da rabon fili. Kusan kowane ɗalibi da yake gabanmu ya taɓa riƙe allo, amma bai taɓa jin an ambaci allo a darasin tarihin fasaha ba.

Haka kuma aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, binciken Heathcote ya nuna yana da dangantaka ta kusa da malamai da almajirai, domin hannun da ya saba da alƙalami shi yakan zana aikin a kan ƙyalle kafin allura ta bi. A zamanin Daular Sakkwato wannan riga ta zama alamar muƙami, ta yaɗu har Nufe da ƙasar Yarbawa.

5.3 Auduga, Jirgin Ƙasa da Gini

Ƙasar Zamfara ƙasar auduga ce, kuma inda auduga take akwai kaɗi da saƙa da marina. A 1929 aka kammala hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Jirgin ya kwashi auduga da gyaɗa, ya kawo yadin kanti da kwanon rufi da siminti, ya kawo baƙi ƴan kasuwa da suka cika Sabon Gari. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar zamani a Gusau, wadda daga baya ta durƙushe kamar sauran masaƙun Arewa. A cikin ƙarni guda garin ya ga saƙar hannu, ya ga ta inji, ya kuma ga yadin da ake shigowa da shi daga Sin. Ɗalibin da ya jera zanen kakarsa da na mahaifiyarsa da na ƙanwarsa yana iya karanta wannan tarihi da idonsa.

Gini ma haka yake. Wanda ya taka daga Kanwuri zuwa Sabon Gari da Tudun Wada zai ga yadda tubali da azara da zanko suka ba bulo da kwano wuri. Ginin ƙasa kuwa ba ya jiran mai bincike. Ko Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda kuma ya fi kowane ginin Hausa shahara a littattafai saboda bakunansa, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023, aka yi asarar rayuka. In haka ta sami wanda duniya ta sani, ina ga soron mai unguwa a Bunguɗu wanda ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa?

6.0 Matsalolin da Malami Zai Tarar

Matsala ta farko ita ce ta siffa. Ɗalibanmu galibi Musulmi ne, a jihar da ta fara aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairu na 2000, kuma da yawansu da sun ga mutum-mutumi sai su ce gunki. Bai kamata malami ya yi wa wannan damuwa dariya ba, bai kuma kamata ya tsallake babin don tsoro ba. Hujjar tana nan cikin al'adar karatunmu. A zaurukan ilmi na ƙasar Hausa an daɗe ana karanta waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya domin sanin lugga, ba tare da wani ya ɗauki aƙidarsu ba. Nazarin abin da mutanen da suka bari, domin a san su wane ne da yadda suka rayu, daga wannan babi yake. Ba kuma a tilasta wa ɗalibi ya ƙera irinsa kafin ya ci jarrabawar tarihi.

Ta biyu ita ce ta tsaro. Tun daga shekarun 2010 ta'asar ƴan bindiga ta sa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka da duwatsu ta zama kasada, kuma ba malamin kirki da zai sayar da ran ɗalibi saboda darasi. Wannan fitina ta kuma tarwatsa ƙauyuka da dama tare da maƙeransu da masaƙansu. Sai dai wasu daga cikin waɗannan gwanaye suna zaman hijira a cikin manyan garuruwa, inda za a iya gayyato su aji cikin mutunci, a kuma biya su ladan lokacinsu.

Ta uku ita ce ƙarancin kayan aiki. A da rashin majigi da wuta shi ne uzurinmu. Yau wayar da take aljihun ɗalibi tana ɗaukar hoto da murya, kuma manyan gidajen kayan tarihi na duniya sun zuba hotunan kayansu a intanet. Abin da har yanzu muke ƙishirwarsa shi ne littafin share fage da aka rubuta da Hausa, mai ɗauke da kalmomin masu sana'a kamar yadda suke faɗarsu.

7.0 Shawara a Kan Sabon Jeri

Ba muna kira a fitar da Masar da Girka da Italiya daga manhaja ba ne. Ɗalibin Gusau yana da haƙƙin sanin duniya kamar kowane ɗalibi. Abin da muke ba da shawara shi ne a sake mafari, a kuma bi hanyoyin da tarihi da kansa ya bi.

A makonnin farko kowane ɗalibi ya zo da abu ɗaya daga gida, hula ko faifai ko ƙwarya ko allo, ya koyi siffanta shi a rubuce: da me aka yi shi, wa ya yi shi, don wa, kuma me masu shi suke kiran kowane zane. Wannan shi ne horon ido, kuma shi ne tushen fannin duka. Daga nan a shiga zamanin da, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da Nok da Kwatarkwashi, da Igbo-Ukwu da Ife da Binin, a jera su da Masar da Girka bisa ga shekaru, tare da darasi guda a kan dokar kayan tarihi da abin da malami zai yi in manomi ya kawo masa abin da garma ta tono.

Sa'an nan a bi ayari. Daga 'Yandoto rubutu zai kai mu Tumbutu da Fas da Andalus da Alƙahira. Kayan da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda suka haɗa da tasoshin ƙarfe da aka kawo daga ƙasashen Musulmi na gabas, shaida ce ta daɗewar wannan hanya. Turkuɗin Kano, wanda Heinrich Barth ya bayyana a 1851 cewa yana kai wa har Tarabulus da Tumbutu, da jar fatar akuyar Sakkwato da ta ƙetare Sahara, za su kai mu bakin Bahar Rum. In mun isa Italiya ta wannan hanya, ɗalibi zai shiga ta a matsayin baƙon da ya san gidansu. Zango ya ƙare da zamanin mulkin mallaka da abin da ya biyo baya: Onabolu, da ƙungiyar Zariya, da Ladi Kwali wadda ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja a 1954 har hotonta ya hau takardar naira 20, da Falke Barmu maginin masallacin Yama a Nijar wanda ya sami lambar Aga Khan a 1986.

A madadin wani kaso na jarrabawa, kowane ɗalibi ya rubuta tarihin gini ɗaya ko gwani ɗaya daga unguwarsu, da hoto da kwanan wata, a ajiye a ɗakin karatun kwaleji. Aji ɗaya mai ɗalibi 50 zai tara irin wannan rubutu 500 a cikin shekara 10.

8.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga cewa darasin share fage na tarihin fasaha an haife shi a Turai domin ba da labarin Turai, ya zo mana ta Ikko da Zariya, kuma duk da binciken da aka yi a kan fasahar Hausa tun shekarun 1970, jerinsa bai sake sosai ba. Mun ga kuma cewa ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu tana da abin koyarwa daga zamanin yumɓun Kwatarkwashi, zuwa zamanin alƙalamin 'Yandoto, zuwa zamanin jirgi da masaƙa. Kaso mai yawa na farkon ya riga ya salwanta, ginin ƙasa da gwanayen sana'a kuma suna bin sahu a hankali.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna roƙon wannan taro ya kafa ƙaramin kwamiti na malaman zane da na tarihi da na Hausa daga kwalejojin wannan yanki, domin su tattara kalmomin sana'o'i daga bakin masu su, su kuma tsara littafin share fage da Hausa wanda babinsa na farko zai fara daga gindin dutsen Kwatarkwashi.